Kanwa a Tafin Hannu

Wannan misali ba nawa ba ne. Na ji shi daga bakin marigayi Mai bishara Nomau tun muna samari, wata rana da ruwan sama ya tsare mu a rumfar majami'a bayan sujada. Ko kuwa a ƙofar gidansa ne muna ɓarar gyaɗa? Yanzu ban tabbata ba. Tsufa ya shiga kaina yadda gara take shiga rumbu, ta ci nan ta bar can. Sunan garin ya tafi, sunan mutumin ma ya tafi, ga shi kuwa na riƙe sunan tunkiyar da na mai ita, abin dariya. Akwai kuma wani dalili da Nomau ya faɗa game da tafin hannu, wanda na san shi ne gishirin zancen, shi ma ya zube mini a hanya. Zan ba ku abin da ya saura, ku malaman makarantar Lahadi da aka damƙa wa 'ya'yan mutane. In mun zo inda ramin yake zan nuna muku.

Akwai wani mutum da mutanen garinsu suka ɗauka ya zama makiyayin gari. Ku da kuka tashi a birni ba lalle ku san wannan aiki ba. In damina ta sauka, shuka ta fito, ba a barin dabba ta yi yawo. Kowane gida yakan kora tumakinsa da safe zuwa bakin gari, mutum ɗaya ya haɗa su ya tafi da su kiwo, da yamma ya komo da su kowace ta shige gidansu. Ko bisa ɗaya a garken ba tasa ba ce. Wani gida ya kawo da yawa, wani kaɗan. Wata gwauruwa kuwa, Iya Tabawa, tata ɗaya ce tak, ana kiranta Magajiya, domin ita take shiga gaba sauran su bi ta.

Wanda ya riƙe aikin kafin shi tsoho ne, gwiwoyinsa sun gaji. Duk shekarun da ya yi yana kiwo ba a taɓa jin tunkiya ta ɓace masa ba. Ranar da zai sauka ya miƙa wa mutumin sanda, da wani tsohon ƙoƙo, da 'yar jakar kanwa. Ya nuna masa yadda ake ƙwanƙwasa ƙoƙon da gindin sanda. Da ya ƙwanƙwasa sai ga tumakin nan a guje daga ko'ina, suna kuka suna ture juna, suna lasar kanwa a hannun tsohon.

"Sandar nan ta kura ce da maciji," in ji tsohon. "Ƙoƙon kuwa na kira ne. Duk ranar da ka buga shi, ka tabbata akwai kanwa. A tafin hannunka kuma za ka ba su, kada ka zuba a ƙasa ko a komin dabbobi."

"Baba, ai wannan zai ci lokaci. Ka ga yawansu."

"Ina za ka? Sarki ne yake jiranka?"

Ga ramin da na ce zan nuna muku. A nan tsohon ya faɗa masa dalilin tafin hannu, Nomau ya faɗa mana, ni kuwa na manta. Mu wuce.

Mutumin nan ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Matsoraci ne. Tun ranar da ya karɓi sandar yake jin idon gari a bayansa. In ya wuce majalisar dattawa sai ya ga kamar suna auna shi da tsohon. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce bai iya ba.

Ana nan, wata rana yana can yana cire wa wani ɗan rago ƙaya, Magajiya ta hango gonar waken Mai unguwa, shinge ya faɗi ta gefe ɗaya. Ta shiga, garke ya bi ta. Kafin ya fitar da su sun yi ɓarna mai yawa. Da yamma Mai unguwa ya kira shi a gaban jama'a.

"Kiwo muka ba ka ko girbi?" in ji Mai unguwa. Mutane suka yi dariya. "Tsoho da gwiwa ɗaya bai taɓa yi mini haka ba. In aka sake, ka ajiye sandar mu ba wani."

"Ranka ya daɗe, ba za a sake ba."

Dariyar nan ta zauna masa a kunne. Washegari ya yanko tsumagiya a hanya. Da Magajiya ta ɗan ratse, ya bi ta da gudu, ta fi shi ƙafa. Ya bi, ta zille. Ya tsaya yana haki, sai hannunsa ya taɓa ƙoƙon da yake rataye a kafaɗarsa. Ya ƙwanƙwasa. Nan da nan garke ya taho a guje, Magajiya a gaba, tana miƙo baki tana neman kanwa. Ya cafke ta a kunne ya zane ta sosai. Sauran suka watse.

Ya ga dabara ta ci. Me zai sa mutum ya yi ta tsere da tunkiya alhali ƙoƙo zai kawo masa ita har gabansa? Daga ranar, duk wadda ta yi laifi da ƙoƙo yake kamo ta. In za a yi musu ɗuren jiƙon maɗaci saboda tsutsar ciki, da ƙoƙo yake tara su. Kanwar kuwa ya daina ba su a hannu. Yakan watsa ta a kan wani falalen dutse, ya koma gefe da tsumagiyarsa yana tsaron kada su yi turereniya. Da tafiya ta yi nisa ma sai ya riƙa mantawa da ita a gida.

Garke ya yi laushi. Suna tafiya a jere, kai a ƙasa, ba mai ratsewa, ba mai kuka. In ya matso sukan dare masa hanya, su bar fili tsakaninsu da shi. Ɓarna ta ƙare. Mai unguwa da kansa ya yaba masa a majalisa, ya ce yanzu aka sami makiyayi.

Iya Tabawa ce kawai ta tare shi wata safiya tana turo Magajiya da gwiwa, ɗan da ta haifa kwanan nan yana biye da ita.

"Kai ɗan nan, me kake ba 'yata a dajin? Da, tun kafin in buɗe ƙofa take tsaye tana kuka a sake ta. Yanzu sai na tura."

"Hankali ta yi, Iya."

"Hankali? Ni ma in ka samo mini tsumagiya irin wannan, zan yi maka hankalin da ba ka taɓa gani ba. Ka dai kula mini da ita. Ita ce gonata, ita ce rumbuna."

Da yamma kuma ya wuce tsohon makiyayin yana zaune a gindin tsamiya. Tsohon ya bi garken da kallo.

"Garkenka ya yi shiru."

"Na gode, Baba."

"Ban ce ka gode ba," in ji tsohon.

Maganar ta ɗan sosa shi, amma yabon Mai unguwa ya fi ta nauyi.

A bayan garin akwai kogi mai faɗi, irin wanda yawancin shekara yashi ne, ruwansa bai wuce idon sawu ba. A tsakiyarsa akwai tsibiri mai ciyawa kore shar, da wata farar ƙaya guda ɗaya. Mutumin ya ƙaunaci wurin nan domin babu gonar kowa kusa, ba abin da zai kai shi gaban Mai unguwa. Wata rana ya haye da garke can. Da yake Magajiya ta ɗan yi masa gardama a hanya, sai ya yi mata dabaibayi, ya ɗaure ƙafarta ta gaba da ta baya da guntun igiya, don kada ta yi nisa. Ya zauna a inuwar ƙayar.

Rana tana sama tar, ko ɗigon ruwa bai sauka a kansu ba. Can gabas dai, bisa duwatsu, hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun hantsi, amma nesa ne, bai sa shi a rai ba.

Wajen la'asar wata iska mai sanyi ta biyo kogin, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsuntsayen da suke kan ƙayar suka tashi gaba ɗaya. Ya dubi ruwan da suka taka da safe, ya ga ya rine ja, yana ɗauke da kumfa da karare. Sa'an nan ya ji wani rugugi daga nesa, kamar garken shanu a guje, ba ya tsayawa, ƙaruwa yake yi. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan rassan ƙayar. Ga busasshiyar ciyawa da tarkace sun maƙale a can sama da kansa, abin da ruwan bara ya bari. Kullum yana zama a ƙarƙashinsu, bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi suka hau can ba sai yau. Nan take ya gane. Ruwan da aka yi a duwatsu ne ya kawo, in ya iso kuwa tsibirin nan ba zai ragu ba.

Ya tashi ya daka musu tsawa su haye. Suka ja da baya. Ya ciro ƙoƙo ya ƙwanƙwasa da dukan ƙarfinsa. Da jin ƙarar sai garke ya watse, suka ruga can ƙarshen tsibirin ta wajen da ruwa ya fi zurfi, suka cure wuri ɗaya suna kallonsa. Ya sake bugawa, suka ƙara matsawa, har na baya suka fara taka ruwa. Ya daina.

Ya lalubi jaka, ya sami ɗan garin kanwa a ƙasanta. Ya zuba a tafin hannu ya miƙa, yana tafiya a hankali, yana yi musu magana da murya mai taushi da ba su taɓa ji daga gare shi ba. Ba wadda ta dubi kanwar. Hannun suke kallo. Ya zaga ta bayansu ya kora da sanda, suka rabu biyu suka kewaye shi, suka sake curewa. Ba mai korar tunkiya ta faɗa ruwa mai gudu in ba ta ga wata a gabanta ba. Wadda kuwa za ta shiga gaba, shi da hannunsa ya ɗaure ta.

Ya zaro wuƙa ya nufi Magajiya don ya yanke igiyar. Ta ga ya taho, ta yi ta tsalle da ƙafafu a ɗaure tana guje masa. Ya bi, ta kauce. Rugugin nan ya cika kunnensa. Ruwa ya riga ya cinye gefen tsibirin inda ya ajiye gorar ruwansa, ya ga gorar tana juyi tana tafiya. Ya tuna kowane gida da zai tsaya a ƙofarsa yau, ya ce me? Ya tsaya cak. Ya ce, "Ya Ubangiji, ba nawa ba ne. Na mutane ne."

Yana tsaye haka sai ya ji wani abu yana shinshinar ƙafarsa. Ɗan Magajiya ne. Shi bai daɗe a duniya ba, tsumagiya ba ta taɓa hawa kansa ba, bai san akwai abin gudu a jikin mutumin nan ba. Mutumin ya sunkuya ya ɗauke shi, ya saɓa a wuya, ya riƙe ƙafafunsa da hannu ɗaya. Ɗan ragon ya yi kuka. Magajiya ta amsa da ƙarfi, kukan da ya daɗe bai ji ba a garken nan. Ya juya ya shiga ruwa bai waiwaya ba. Ya ji tsallenta a bayansa, ya ji ta faɗa ruwa, sa'an nan ya ji sauran suna faɗowa a bayanta.

Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Sanyi gare shi, yana jan yashi daga ƙarƙashin sawunsa. Tumaki suna wuce shi ta dama da hagu, hanci a sama, suna fafutuka. Da suka kai tsakiya ya waiwaya. Magajiya ta faɗi. Igiyar ta hana ta buɗe ƙafa, ruwa ya juya ta, ya kawo ta dab da shi. Kusa ƙwarai, har yana ganin farin idonta. Ya miƙa hannunsa don ya kama ta a wuya. Ta ga hannun nan yana saukowa bisa kanta, sai ta yi abin da ya koya mata. Ta sunkuyar da kai ta kauce. Yatsunsa suka shafi gashinta kawai, ruwa ya tafi da ita.

Ya fita gaci da rarrafe. Duk sun haye, sai ita. Da ya juya, babu tsibiri, sai kan farar ƙaya yana rawa a cikin jan ruwa.

Hanyar gida ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Tumaki suka riƙa shigewa gidajensu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai da ɗan rago a wuya. Iya Tabawa tana tsaye a ƙofarta da ƙwaryar dusa. Ta dubi jiƙaƙƙun tufafinsa, ta leƙa bayansa.

"Ina take?"

"Kogi ya kawo, Iya. Ruwa ya ci ta."

"Magajiya ta iya ruwa. Bara da ƙafarta ta haye kogin nan, tsoho yana nan da rai ka tambaye shi."

"Na yi mata dabaibayi."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

"Ba ka kusa da ita?"

"Ina kusa. Na miƙa mata hannu, ta kauce."

Iya Tabawa ta daɗe tana kallon hannun nasa. Ya so ta zage shi, ta tara masa jama'a, da ya fi masa sauƙi. Ya sauke ɗan ragon zai miƙa mata, ta girgiza kai.

"Tafi da shi. Kai ka raba shi da nono, kai za ka zama uwarsa. Ka nemi madara wurin masu shanu, ka tsoma yatsa ka ba shi ya tsotsa. Ran da ya iya cin ciyawa ka kawo mini abina."

Daga can ya wuce gindin tsamiya, ya ajiye sanda da ƙoƙo a gaban tsohon makiyayin, ya ce a ba wani.

"Wa zan ba?" in ji tsohon. "Wanda bai taɓa ganin kogi ya kawo ba? Ɗauki kayanka. Tsumagiyar ce za ka bar mini, ina da kaji masu shiga mini ɗaki. Gobe ka buga ƙoƙo, ka zauna a ƙasa, ka buɗe hannu. Ba za su zo ba. Jibi ma ba za su zo ba. Ka yi ta yi."

Nomau ya ce ɗan ragon nan ne ya fara amsa kiran, 'yan'uwansa ƙanana suka bi shi. Ko manyan sun taɓa komowa hannunsa, ban tuna ya faɗa ba.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwana, ita ce wannan. Garin nan ikkilisiya ce, garken kuwa ajinka ne. Ko yaro ɗaya a ciki ba naka ba ne. Da safe aka turo maka su, za a kuwa tsaya a ƙofa a tambaye ka. Wata uwar, wanda ta turo maka shi ke nan gare ta.

Ƙoƙon muryarka ce. Sunan yaro ne a bakinka, da 'yar kalmar nan da muke faɗa ba mu auna ta ba, wato "zo nan." Na yi shekaru da alli a hannu, a makarantar boko da ta Lahadi, abin da na fi tsoro in gani a aji shi ne malam ya kira sunan yaro, yaron ya zabura ya kare kansa da hannu. Malamin nan ya riga ya kashe kiransa, bai sani ba. Ya sayar da shi don ya huta da 'yar wahalar tashi ya je inda yaron yake.

Ni dai ga yadda na ɗauki koyarwa, ku auna ku gani. Kafin yaro ya koyi abin da kake koyarwa, kai yake fara koya. Yana karanta fuskarka da tafiyarka da hannunka tun bai san baƙi ko ɗaya ba. Saboda haka aikin farko a sabon aji shi ne ka san sunan kowa, yaro kuma ya ji sunansa a bakinka cikin alheri sau da yawa kafin ya ji shi cikin faɗa. Kanwar ba wani babban abu ba ce. Ka tambaye shi jikin kakarsa. Ka lura an yi masa aski. In ya kawo amsa rabinta daidai, ka karɓi rabin da murna kafin ka gyara sauran. Ka kuma ba kowa nasa shi kaɗai, ido da ido, domin "kun yi ƙoƙari" da ake watsa wa aji gaba ɗaya kanwa ce a kan dutse.

Ban ce kada a tsawata ba. Tsohon ma bai karɓe sanda ba, ya dai faɗi abin da aka yi ta dominsa. Ƙarya da cin zalin ƙanana da raini kuraye ne, a kore su da ƙarfi. Amma in za ka gyara yaro, kai ka tashi ka je wurinsa, ka rage murya, ku gama a tsakaninku. Kada ka kira shi da murmushi ya zo gaban aji sa'an nan ka kunyata shi. Ka bar "zo nan" da tsarkinta, akwai ranar da za ka nemi ta yi maka aiki.

Shiru kuma iri biyu ne. Akwai na yaran da labari ya kama su, baki a buɗe, sun manta da kansu. Akwai na yaran da suke jiran a tashi su tsira. Daga bakin taga duka ɗaya suke, dattawan ikkilisiya za su wuce su yaba maka a kan kowanne. Kai kaɗai ka san wanda kake da shi. Ka kuma lura, tsoro ne ya sa mutumin nan ya yanko tsumagiya. An yi masa dariya a majalisa, ya je ya sauke a kan tunkiya. Yawancin zafin da muke yi wa yara, tsoron manya ne muke juye musu. In ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, ka tambayi kanka wa kake tsoro.

Magajiya kuwa kun san ta, kowane aji yana da ita. Ita ce mai tambayar da ba ta cikin darasi, mai sa sauran dariya, mai faɗawa gonar wake. Takan gajiyar da mutum, ban musa ba. Amma ita sauran suke bi. In ka ɗaure ta da kunya, ka ce mata daƙiƙiya ko mai kan jaki a gaban 'yan'uwanta, ajinka zai yi laushi, kai kuma ka rasa mai shiga maka gaba.

Na tuna wata Malama Damaris a wani ƙauye da na taɓa zama, sunan ƙauyen ya tafi. Ajinta a gindin darbejiya yake, ko benci babu, hayaniya kuwa har a majami'a ana ji, ana ta yi mata ƙorafi. Wata rana wata yarinya ta ja ta gefe ta ɗaga zane ta nuna mata inda kare ya cije ta. Ta ɓoye wa mutanen gidansu saboda an hana ta bin hanyar da karen yake. Malamar ta goya ta zuwa asibiti a ranar. Yarinyar nan ta yi jikoki yanzu. To, ina muka tsaya? A kan kogi.

Kogin shi ne abin da ya sa misalin nan yake ba ni tsoro har yau. Ruwan da zai ci yaro ba a kanka ake yin sa ba. A can nesa ake yi, a gidansu, a hanyar rafi, a wurin abokai, a hannun wani babba da ya ce masa kada ya faɗa wa kowa. Kai kana zaune rana tana haske, ajinka shiru, kana jin daɗi. Ranar da ka farga za ka kira da dukan zuciyarka, za ka miƙa hannu da gaskiya. A ranar nan yaro zai yi abin da ka koya masa a sauran ranaku.

Abin da ya fi wannan nauyi, mu da muke koyar da maganar Allah, yaro yakan auna kiran Ubangiji da namu. In kiranmu tarko ne, zai girma yana jin an ce Allah yana kiransa ya nemi wurin ɓuya. Makiyayinmu na ƙwarai kuwa bai taɓa kiranmu da yaudara ba, hannun da yake miƙo mana ma akwai tabon ƙusa a cikinsa. Wanda ya ga ya riga ya ɓata kiransa, kada ya ajiye aikin. Ya zauna a ƙasa ya buɗe hannu, ya fara da ƙanana. Allah ya ba mu haƙurin yin haka.

Saura ramin nan na tafin hannu. Ya daɗe yana damuna, har kwanakin baya da jikata ta kai ni kasuwa neman maganin ido. Ta zaunar da ni a inuwa kusa da masu dabbobi, na tarar da wani dattijon makiyayi, Gidado, da 'yan tumakinsa. Bayan mun gaisa na ce masa, "Malam Gidado, don me ake ba tunkiya kanwa a hannu, ga komi?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, a tsufan nan za ka fara kiwo? In ka zuba a komi, komi za ta sani. In ka ba ta a hannu, tana lasar kanwa tana shaƙar warin hannunka, har su zame mata abu ɗaya. Irin wannan, ko a rami ta faɗa, in ka miƙa hannu kanta za ta kawo maka."

Na ce ya nuna mini. Ya miƙa hannu bai ko tashi daga zaune ba. Wata tsohuwar tunkiya ta bar harawar da take ci, ta taho ta sa hancinta a tafinsa ta tsaya. Na matsa na duba da idona mai kyau ɗin. Babu komai a hannun.